Inda ake tafi da inda ake tambaya

Duk wanda ya taɓa leƙa makarantar koyon tsare-tsaren gwamnati a wata babbar jami'a ya san yadda allon sanarwarsu yake. A sama, da hoto da manyan haruffa, za ka ga tsohon firaminista ko tsohuwar ministar kuɗi ko wani babba daga Bankin Duniya: lacca a babban zaure, a yi rajista da wuri domin kujeru ba za su isa ba. Can ƙasa kuma, a wata 'yar takarda da sai ka sunkuya za ka iya karantawa, akwai taron ƙara wa juna sani na tsakiyar mako, ƙarfe goma sha biyu, a ɗaki kaza, inda wani ɗalibin digirin digirgir zai gabatar da aikin da bai kammala ba. Na yi digirina na biyu a irin wannan makaranta, na zauna a zauren, na zauna a ɗakin. Da ni ke liƙa takardun nan, da ta ƙasa zan mayar sama.

Ba wai laccocin manya ba su da dalili ba ne. Asalin kafa waɗannan makarantu ke nan, a haɗa masu riƙe da gwamnati da masu nazari a inuwa ɗaya. Faransa ta fara tata, wadda yau ake kira Sciences Po, a 1872, bayan kashin da ta sha a hannun masarautar Jamusawa ta Furusiya, lokacin da Émile Boutmy ya ga cewa masu mulkin ƙasar ba su da horon da ya kamata. Ta Harvard a Amurka an kafa ta a 1936, aka sa mata sunan Kennedy a 1966. Singafo ta buɗe tata mai sunan Lee Kuan Yew a 2004, Oxford ta biyo baya a 2010 da kyautar fam miliyan 75 daga attajiri Leonard Blavatnik. Makarantar da ke rayuwa da kyautar attajirai da kuɗin ɗalibai daga ƙasashe daban-daban dole ta riƙa nuna cewa manya na shiga suna fita a gidanta. Hoton shugaban makaranta yana musafaha da tsohon shugaban ƙasa yana daga cikin jarin makarantar, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da nake cewa kawai shi ne ɗalibi ya san wa aka shirya wa bikin.

Yadda ake yin laccar kusan ɗaya ne ko'ina. Shugaban makaranta zai tashi ya share minti goma yana jero muƙaman da baƙo ya riƙe da lambobin yabon da ya samu, alhali duk wanda ke zauren ya riga ya karanta su a takardar gayyata. Baƙo ya hau, ya yaba wa jami'a, ya ba da wani ɗan labari mai ban dariya da ya riga ya bayar a wurare da yawa, sannan ya shiga karanta abin da hadiminsa ya rubuta. Duniya na fuskantar ƙalubale. Ana buƙatar haɗin gwiwa. Matasa su ne manyan gobe. A tafa.

Na daɗe ina jin haushin wannan kafin in gane cewa ba rashin basira ba ne. Yawancinsu mutane ne masu kaifin ƙwaƙwalwa, matsayinsu ne ya ɗaure musu baki. Gwamnan babban banki da ke kan kujera ba zai saki baki gaban ɗalibai ba, domin kalma ɗaya da ta kuɓuce masa tana iya girgiza darajar kuɗin ƙasarsa kafin ya sauko daga mumbari. Wanda ya sauka kuwa ya zo ne wanke kansa, ko tallar littafin tarihin rayuwarsa, ko share fagen wani muƙami na gaba. Masu kare irin wannan lacca kan kawo misalin George Marshall, sakataren harkokin wajen Amurka, wanda a ranar 5 ga Yuni 1947 ya tsaya a Harvard ya bayyana shirin sake gina Turai bayan yaƙi, cikin jawabin da bai kai minti goma sha biyar ba. Gaskiya ne, tarihi ne. Amma shawarar an riga an dafa ta a Washintan, jami'a lasifika kawai ta ba da aro.

Abin da ke ceto babban zaure shi ne lokacin tambayoyi, idan an bar shi da rai. A zauren taron makarantar Kennedy akwai ƙa'idar da ta burge ni: duk wanda ya yarda ya yi jawabi, komai girmansa, sai ya amsa tambayoyin jama'a. Su ma masu tambayar an gindaya musu sharaɗi, ka faɗi sunanka, tambaya ɗaya, a taƙaice, kuma ta ƙare da alamar tambaya. Wanda bai taɓa tsayawa a layin makirufo ba zai ɗauka wannan sharaɗin na ƙarshe wasa ne. Ba wasa ba ne. Na ga wani bawan Allah ya karɓi makirufo ya fara da godiya ga masu shirya taro, ya gangara kan ƙwarewarsa ta aiki, ya bi ta kan tarihin mulkin mallaka, mai kula da lokaci yana ta ɗaga masa takarda, mutanen da ke bayansa a layi suna duba agogo, a ƙarshe ya rufe da cewa yana son jin ra'ayin baƙo a kan duk wannan. Baƙon ya yi murmushi har kunne. Babu tambayar da ta fi wa ɗan siyasa daɗi kamar doguwa, domin ta ba shi ƙofofi bakwai, ya zaɓi wadda ya ga dama ya fice. Wadda ke sa shi kurɓar ruwa kafin ya amsa gajeriya ce: "Ranka ya daɗe, kasafin shekarar farko ya ware wa shirin kuɗi kaza, na shekara ta uku bai ware komai ba. Me ya faru a tsakani?"

Akwai kuma batun wa ake gayyata, da wa gayyatar ke yi wa amfani. A Satumba 2007 makarantar harkokin ƙasa da ƙasa da mulki ta Jami'ar Columbia ta karɓi shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad. Suka ta yi yawa kafin ranar, sai shugaban jami'ar, Lee Bollinger, ya mayar da jawabin gabatarwa wurin caccakar baƙon, har ya siffanta shi da ɗan kama-karya, yana zaune a gefe yana ji. Ni a ganina an yi ba a yi ba. Idan ka yarda ɗalibanka za su iya tsare mutum da tambaya, ka ƙyale su su yi. Idan ba ka yarda ba, kada ka gayyato shi. Na Landan ya fi muni. Saiful Islam Gaddafi, ɗan shugaban Libiya na lokacin, ya samu digirin digirgir a Makarantar Tattalin Arziki ta Landan a 2008, gidauniyarsa ta yi wa makarantar alƙawarin fam miliyan ɗaya da rabi, a watan Mayun 2010 kuma aka ba shi mumbari ya yi lacca kan makomar Libiya. Ba a cika shekara ba aka fara harbe masu zanga-zanga a ƙasar, a Maris 2011 shugaban makarantar, Howard Davies, ya ajiye aiki. Tun da na san wannan labarin, idan na ga babban baƙo a allo nakan duba ƙasan takardar in ga sunan wa ke cikin masu ɗaukar nauyi.

Tsakanin zaure da ƙaramin ɗaki akwai wani zama na uku, na bayan fage, wanda ake yi bisa ƙa'idar Chatham House. Cibiyar nazarin harkokin duniya da ke Landan ce ta fito da ita a 1927: kana iya amfani da duk abin da ka ji, amma ba ka faɗin wanda ya faɗa ko inda yake aiki. Na taɓa sauraron wani da ya riƙe babban muƙami a wata ƙasa, iyakar abin da ƙa'idar ta yarda in faɗa ke nan, yana bayanin yadda suka janye tallafin makamashi. A bainar jama'a labarin da gwamnatinsu ke bayarwa na jarumta ne da hangen nesa. A ɗakin nan, ya cire tabarau ya ajiye a tebur, ya ce babu wata jarumta. Baitulmali ne ya bushe, masu ba da lamuni suka ƙi sakin kuɗi sai an janye, kuma shirin rage raɗaɗi da suka sanar a ranar ba su ma da jerin sunayen waɗanda za a ba. Wata ɗaliba ta tambaye shi me ya sa ba su jira jerin ya kammala ba. Ya ce da sun jira, da ba a biya albashin watan ba. Na ƙaru a wannan sa'a ɗaya fiye da laccoci da yawa a haɗe. Amma ita ma ƙa'idar tana da aibinta. Maganar da ba za a jingina wa kowa ba babu mai iya binciken gaskiyarta, kuma tana sa 'yan tsirarun da ke ɗakin su fara jin su ma 'yan gida ne, su koyi yi wa masu mulki uzuri tun kafin su riƙe komai.

To, ƙaramin ɗakin. Tebur dogo, majigi mai yawan gardama, mutum ashirin ko ƙasa da haka, rabinsu malamai. An raba maƙalar tun kwanaki kafin ranar, kuma ana sa ran ka karanta. Mai gabatarwa ba ya kai shafi na uku kafin a tare shi. Da wa ka kwatanta su? Wa ya tattara alƙaluman, kuma yana da wata riba idan suka yi kyau? Waɗanda suka fice daga shirin a tsakiya, ina ka kai su? Ta yaya ka san shirin ne ya kawo canjin, ba dama can masu ƙoƙari ne suka shiga ba? Farkon zuwana na ɗauka ƙiyayya ce. Daga baya na lura cewa malamin da ya fi takura wa yaron shi ne ke jan sa gefe bayan an tashi, su koma kan allo su ƙara rabin sa'a.

Dalilin da ya sa nake ba wannan ɗaki muhimmanci yana cikin labarin kashi 90. A 2010 wasu mashahuran masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da maƙala cewa idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arziki kan durƙushe, matsakaicinta ya koma ƙasa da sifiri, wato kashi -0.1. Lokacin ana cikin rikicin bashi a Turai, sai adadin ya zama abin ɗauka. Olli Rehn na Hukumar Tarayyar Turai ya kafa hujja da shi, Paul Ryan a majalisar Amurka ma haka, kuma aka yi ta maimaita shi daga wannan mumbari zuwa wancan don kare matakan tsuke bakin aljihu. Sai a 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, wanda aikin aji kawai aka ba shi na ya sake lissafin wata sananniyar maƙala, ya kasa samun amsar da suka samu. Ya roƙi marubutan, suka aiko masa da ainihin jadawalinsu na Excel. Ashe wajen fitar da matsakaici an tsallake ƙasashe biyar: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa biyu suka gyara wannan da wasu zaɓuɓɓukan lissafi da suka ƙi yarda da su, sai adadin ya koma kashi 2.2. Marubutan sun amsa kuskuren jadawalin, suka tsaya a kan cewa yawan bashi na tafiya da raguwar bunƙasa, kuma wannan muhawarar tana nan. Amma katangar nan ta kashi 90 da ake tsorata gwamnatoci da ita ta rushe. Shekara uku manya suna ambatonta ana tafa musu. Wanda ya buɗe jadawalin ya ƙirga layuka, irin tarbiyyar ƙaramin ɗaki ya samu.

Ba zan yi wa ɗakin kwalliyar da ba tasa ba. Akwai malaman da tambayarsu ba neman sani ba ce, nuna isa ce, kuma akwai waɗanda ake taka wa fiye da wasu. Wasu masana huɗu, Pascaline Dupas, Alicia Modestino, Muriel Niederle da Justin Wolfers, sun sa an zauna a ɗaruruwan irin waɗannan tarurruka a sassan tattalin arziki ana ƙirga kowace tambaya. Sakamakon da suka fitar a 2021 ya nuna ana yi wa mata masu gabatarwa tambayoyi fiye da maza da kusan kashi 12 cikin ɗari, kuma tambayoyin sun fi zama na raini ko na neman faɗa. Duk macen da ta taɓa tsayawa gaban majigin nan ba ta buƙaci a ƙirga mata ba. Wasu sassan yanzu sun sa dokar barin mai gabatarwa ya yi minti goma na farko ba katsewa, kuma ban ga abin da ilimi ya rasa ba.

Babbar nakasar ɗakin, a wurina, wata ce daban. Malamai sun ƙware wajen tambayar ko sakamakon gaskiya ne. Ba su cika tambayar wa zai aiwatar ba. Wannan tambayar takan fito ne daga layin baya, wurin ɗaliban da suka baro aikin gwamnati suka dawo karatu da furfura a kai. Ranar da ba na mantawa, wani matashi yana gabatar da shawarar sa na'urar ɗaukar shaidar zuwa aiki a ƙananan asibitocin karkara. Malamai suna ta fama da shi kan yawan asibitocin da zai gwada da yadda zai raba su. Sai wata dattijuwa da ta yi shekaru tana kula da ma'aikatan lafiya a ƙasarsu, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga alƙalaminta. Ta ce, "Malam, idan na'urar ta nuna ma'aikaciya ba ta zo ba, wa zai sa hannu a yanke mata albashi?" Ya ce shugaban sashe na gunduma. Ta ce, "Shi kuma wa yake gani kullum, kai ko ita?" Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ƙara da cewa in ita ce shugabar, ranar da ma'aikatan suka taru a ofishinta za ta nemo musu hanyar da doka ta yarda, domin gobe ma da su za ta yi rigakafi.

Wani malami a gefe ya ce ai abin da ta faɗa ya riga ya faru, an kuma rubuta shi. A gundumar Udaipur ta jihar Rajasthan a Indiya, wata ƙungiya mai zaman kanta, Seva Mandir, ta ba malaman makarantunta kyamara, su ɗauki hoto da ɗalibai safe da yamma, a biya su gwargwadon kwanakin da suka zo. Rashin zuwa aiki ya sauka daga kashi 42 zuwa 21. Sai aka kai irin wannan dabara asibitocin gwamnati, da na'urar buga lokaci da kwanan wata, gwamnati ta ɗauki alhakin yanke albashi. A watannin farko zuwa aiki ya ƙaru sosai. Bayan wata 16 bambanci ya ɓace gaba ɗaya. Na'urori suka yi ta lalacewa ba gaira ba dalili, hukumar lafiyar kanta kuma ta shiga rabon ranakun uzuri, ta yadda a takarda babu wanda ya yi fashi. Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Rachel Glennerster ne suka wallafa wannan a 2008, kuma abin yabo ne da suka fitar da labarin shirin da ya faɗi. Dattijuwar ba ta taɓa karanta maƙalar ba. Matashin ya karanta, tana ma cikin jerin littattafan da ya dogara da su, amma darasin bai shiga shawararsa ba sai da aka tambaye shi wa ke riƙe da biro.

Wannan ya sa nake ganin makarantun nan suna gayyatar matakin da bai dace ba. Minista ya san abin da aka sanar. Darakta a ma'aikata, akanta, shugabar ma'aikatan jinya, jami'in tara haraji, su suka san abin da aka yi. Ba su da suna da zai cika zaure, da yawansu ma biza kaɗai ta isa ta hana su zuwa inda ake tattauna ƙasashensu. Sau da yawa za ka ga mutum huɗu a kan dandamali suna fashin baƙin matsalar wata nahiya, babu ko ɗaya da ya taɓa jiran sakin kuɗin kwata a can.

Tun daga 2020, da annobar korona ta tilasta komawa intanet, tarurruka da yawa sun buɗe wa na nesa, kuma ina cikin masu cin moriya. Laccocin zaure suna YouTube, kana iya tsallake gabatarwa ka je kai tsaye wurin tambayoyi, abin da ba ka iya yi kana zaune a layin gaba. Wasu tarurrukan bincike ma ana shiga ta Zoom kyauta, ana kuma saka maƙalar a shafin makaranta tun kafin ranar. Idan za ka shiga, ka karanta ta tukuna, ka fara da jadawalan da ke ƙarshe kafin ka karanta abin da marubuci ya ce sun nuna. Sai dai na lura da wani abu: da zarar an ce ana naɗar taro, sai ɗakin ya canza. Ɗalibin da zai nemi aiki baɗi ba zai nuna lissafin da bai tabbatar ba a bidiyon da zai dawwama, malamai ma sukan rage kaifi, jami'in gwamnati kuwa ya koma karanta takarda. Don haka idan jadawali ya nuna tarurruka biyu a lokaci ɗaya, ɗaya za a naɗa ɗaya ba za a naɗa ba, na biyun nake shiga, na farkon in kalle shi daga baya.